Ajiyar da Ta Ci Girar Baba

Hoton Baba guda ɗaya ne a duniya, kuma ni na ɗauke shi ina ɗan shekara tara.

Baba kafinta ne. Wata shekara ya sayi wata 'yar kyamara ta hannu, mai memori, daga nan babu wanda ya ƙara sakewa a gidanmu. Inna na shanya, ƙyas. Auta na rarrafe da cokali a baki, ƙyas. Ni ina kuka an fasa mini ƙwallo, ƙyas. Hotuna ɗari huɗu da 'yan kai, babu shi a ko ɗaya, don kullum yana bayan kyamarar. Sai ranar da na dame shi ya bar ni in gwada. Ya tsaya a ƙofar shagonsa, fensir a bayan kunne, garin katako a gaban riga, yana ce mini in riƙe da hannu biyu. Na riƙe da ɗaya. Hoton ya fito a karkace, kamar shagon zai zubo masa a ka.

Shekara na zagayowa ya rasu. Kyamarar ma ba ta daɗe ba ta daina kamawa. Inna ta zare memorin, ta naɗe shi a takarda, ta sa a gwangwanin da take tara maɓallai da allurai. Shekara goma sha biyar ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba.

A cikin shekarun nan na bar makaranta daga aji biyu na sakandare. Na yi walda wata huɗu, na yi gyaran waya wata bakwai, na tuƙa babur ɗin wani har na kai shi kwata. Yanzu ina da tebur a bakin wani shagon caji, da tsohuwar kwamfuta da nake tokare murfinta da littafi. Ina tura wa mutane waƙoƙi, ina goge musu ƙuraje a hoto. 'Yan layinmu suna kirana Injiniya. Na san ba yabo ba ne, amma ina amsawa.

Auta ce ta yi karatun da ban yi ba. Da aka ɗauke ta makarantar koyon aikin jinya a wani gari, saura sati uku ta tafi, sai ta ce da Inna abu ɗaya take so ta tafi da shi.

“Hoton Baba. A wanke mini babba, in rataya a gefen gadona. Ni fa fuskarsa ba ta zauna mini ba, Inna. Muryar ma a bakinku nake jin ta.”

Inna ta ci gaba da ɗinkin da take yi. Can ta ce, “In kai wa wani a kasuwa ya ɓatar mini?”

“Wane wani kuma, ga ni a gida?” na ce. “Wannan ai aikina ne. Har karkacewar sai na miƙe ta.”

Auta ta kalle ni ta gefen ido. “Yaya Injiniya, wayata da ka gyara har yau in an kira ni fitila ce ke kamawa.”

“Waya daban, hoto daban.”

Inna ta daɗe tana juya gwangwanin a cinyarta kafin ta buɗe. Ta sa mini takardar a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kai da nata hannun.

“Ajiya na ba ka,” ta ce.

“Na sani, Inna.”

Washegari na sa memorin a kwamfuta. Ga Baba nan, ya cika fuskar kwamfutar, har gashin hannunsa ana ƙirgawa. Na yi minti goma ban taɓa komai ba. Daga nan hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Ban kwafe hoton zuwa kwamfuta ba, don kwamfutar tawa takan mutu ba sallama, ban yarda da ita ba. A cikin memorin na buɗe shi, a ciki na yi aiki. Na miƙe karkacewar, na yanke gefe, na danna maɓallin ajiya. Sai kwamfutar ta ce babu wuri, memorin ya cika. A ƙasan akwatin da ya fito akwai wata lamba da ake ja, tana kan ɗari. Na ja ta baya zuwa saba'in, babu wuri. Na gaji da lallashi na ja ta har talatin. Nan take ta karɓa. Na ce ashe abin sauƙi ne.

Lambar nan a talatin ta zauna, ban ƙara kallon ta ba.

Ni mutum ne da ba na iya barin abu ya huta. Kullum da safe in na buɗe tebur, kafin mutane su fara zuwa, sai in buɗe Baba. Yau in ƙara haske, in ajiye. Gobe in ga hasken ya yi yawa, in rage, in ajiye. Na goge wani katako da ya tokaro bayan kansa. Na share garin katakon gaban rigarsa. Na ƙara juya shi kaɗan don kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. In wani ya zo a tura masa waƙa, sai in ajiye in rufe, in ya tafi in sake buɗewa. Wuta kuma ba ta da tabbas a layinmu, shi ya sa nake yawan dannawa. Duk dannawar da na yi sai in ji hankalina ya kwanta, in ce to, na ajiye wa Inna kayanta. A ƙaramar fuskar kwamfutata, mai tsaga a kusurwa, ban ga wani abu ya canza ba. Ko kuma na gani na ce ƙura ce.

Kwana goma sha biyu na yi a haka, sannan na kai wurin wanki.

Mai shagon wankin hoton dattijo ne, ana ce masa Mai Tabarau, don guda biyu yake rataye da su a wuya, na nesa da na kusa. Shagonsa sanyi, yana warin tawada da sabuwar takarda. Na miƙa memorin na ce babba nake so, wanda zai cika firem.

Ya buɗe, ya sa tabarau na kusa, ya duba.

“Samari, ka tabbata wannan za a wanke?”

“Shi ne, Malam. Na riga na gyara shi, wankewa kawai za ka yi.”

“To.”

Injin ya fara turo takardar a hankali, daga ƙasa. Takalman Baba suka fito, sai wando, sai riga. Tun daga rigar na ga abin. Maimakon yadi, wasu 'yan murabba'ai ne jere kamar an shimfiɗa tayil. Bangon shagon da ke bayansa ya rabu hawa-hawa, wani fari wani toka. Gefen kafaɗarsa da kunnensa duk wani dishi-dishi ya zagaye su, kamar ƙudaje sun yanyame shi. Da fuskar ta fito, fensir ɗin bayan kunne ya narke ya haɗe da gashi. Idanun suna nan. Girar kuwa ta zama wasu baƙaƙen dunƙule guda biyu, kamar an shafa da yatsa.

Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, “Injinka ba shi da lafiya, Malam.”

Bai yi fushi ba. Ya nuna mini bango, inda hoton wata tsohuwa yake rataye, kowane tamoji na fuskarta a fili.

“Da safen nan ya wanke waccan. Zo ka gani.”

Ya jawo hoton a babbar kwamfutarsa, ya matso da fuskar Baba har ta cika ko'ina. Murabba'an suna nan, tun kafin su je takarda.

“Kawo uwar, mu sake daga farko,” ya ce.

“Wace uwa?”

“Uwar hoton. Na asali, yadda ya fito daga kyamara, wanda ba a taɓa ba.”

“Ai shi ne wannan.”

Ya cire tabarau na kusa, ya sa na nesa, ya kalle ni da shi, ko da yake ina tsaye dab da shi.

“A kan uwar ka yi aiki?”

Na gyaɗa kai.

“Sau nawa ka ajiye?”

“Ban ƙirga ba. Zai yi arba'in.”

“Lambar a nawa?”

“Talatin.”

Ya ja kujera ya ce in zauna. Na zauna a bakin-bakinta.

“Ɗana, kalmar nan ce ta yaudare ka. Kai da ka ji ajiya, sai ka ɗauka irin ta akwati ce, ka sa kaya ka rufe, ka dawo ka tarar da su yadda ka bar su. Wannan irin hoton, da ake ce wa JPEG, ba haka yake ajiya ba. Shi so yake ya yi ƙanƙanta. Duk lokacin da ka canza wani abu ka ce ya ajiye, sai ya yanka hoton gida-gida, ya duba kowane gida, ya zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba. Lambar nan ita ce kake gaya masa nawa zai bari. Kai ka ce masa ya bar talatin. Gobe ka dawo ka juya hoton, ka ce ya sake ɗiba a cikin abin da ya rage. Kuma ƙananan abubuwa yake fara ci: gashi, zare, layin fata.”

“Ba a dawo da su?”

“Daga ina? Ba ɓoye su ya yi ba, zubarwa ya yi.”

Duk da haka ya gwada. Ya sa wata manhaja da ke tono abin da aka goge a memori. Muka zauna muna kallon wani layi yana tafiya kamar ba ya so. Ta tono hotuna bakwai da Baba ya goge da kansa tun wancan zamani: ƙafar tebur, bango, babban yatsansa ya rufe rabin gilashi. Uwar hotonsa ba ta fito ba. Na rubuta a kanta sau arba'in.

“Da ka zo tun farko,” in ji Mai Tabarau, “abu uku zan ce maka. Uwa ba a taɓa ta, kwafi ake yi a yi wasa da shi. In kana cikin aiki, ka riƙa ajiyewa a irin da ba ya zubar da komai, kamar PNG ko TIFF, ko da ya yi nauyi. Sai ka gama gaba ɗaya, sannan ka fitar da JPEG sau ɗaya tak, lambar a sama. Wa ya koya maka aikin?”

“Ni na koya wa kaina.”

“Ya nuna,” ya ce, ba da gatse ba. Da ma da gatsen ya faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Ya ce in aka wanke shi ƙarami, kamar tafin hannu, murabba'an za su ɓuya, mutum zai gane mahaifinsa. Ya wanke mini ɗaya. Gaskiya ne, daga nesa Baba ne. Ina juya shi a hannu sai wani abu ya faɗo mini.

“Malam, yana da tabo. A gira. Kurfin sassaƙa katako ne ya kuɓuce masa yana saurayi, ya raba girar biyu.”

Ya sake matso da fuskar. Babu ko alama.

“Ina iya zana maka,” ya ce. “Ba zai zama nasa ba, nawa ne, amma zai yi kama. Wace girar, dama ko hagu?”

Na buɗe baki. Na rufe ido na nemo Baba a ƙofar shago. Kwana goma sha biyu ina kallon fuskar nan kullum, ina auna haskenta, ina share mata riga. Na taɓa girata ta dama, na taɓa ta hagu.

“Zan tambayo,” na ce.

Mai Tabarau ya mayar mini da memorin. Ya naɗe babban hoton ya sa mini roba, ya sa ƙaramin a ambulan.

Na tarar da Inna da Auta a tsakar gida suna jera kayan tafiya a akwati. Babban na tura shi bayan ƙofa kafin su gani. Na miƙa ambulan.

“Wannan ne babban?” in ji Auta. “Ko gadon nawa ne ƙarami?”

Inna ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta fita inda rana take ta sake dubawa.

“Shi ne,” ta ce. “Amma kamar an wanke masa fuska da yawa. Ina tabon? Ina fensir ɗinsa?”

Amsar tana bakina, a shirye, ban ma san na tanade ta ba.

“Memorin ne ya tsufa, Inna. In ya daɗe a ajiye haka yake yi, sai hoton ya riƙa zubewa.”

Na zaci za ta yi faɗa da memorin, ko da masu ƙera shi. Sai ta zauna a kan akwatin Auta, hoton a cinyarta.

“Ni ce ke nan,” ta ce a hankali. “Shekara goma sha biyar na dafa shi a gwangwani. Kawunku ya ce in kai a wanke tun ana zaman makoki, na ƙi. Ina ganin ɓoyewa ce kulawa.” Ta juya wajen Auta. “Ki yafe mini, 'yar nan. Rowar ubanki na yi miki har ya lalace.”

Auta ta rungume ta tana cewa ba komai. Ni na ce zan koma tebur, mutane na jira. Babu mai jira na.

Kwana biyu na bar ta da wannan. Ina ganin ta ta ɗauko gwangwanin ta juye maɓallan a tire, ta leƙa cikinsa kamar za ta ga abin da ya ci hoton. Ta daina sa mini baki in na dawo a makare. Abincina ma ta riƙa ƙara mini, wai na sha wahalar gyara abin da ta ɓata. Ban taɓa cin abinci mai wuyar haɗiya irin na kwana biyun nan ba.

A rana ta uku na kai memorin wurin Mai Tabarau, muka kwafe sauran hotuna ɗari huɗun yadda suke, ba mu buɗe ko ɗaya don gyara ba. Kwafi ɗaya a wurinsa, ɗaya a sabon memori, ɗaya a faifai. Yana nuna mini su suna wucewa, kowanne garau: Auta da cokalinta, Inna da shanyarta, har ɗigon ruwan da ke zuba daga zane.

“Ka ga tsufa ya taɓa waɗannan?” ya ce.

“A'a.”

“To duk wanda ya kalle su zai gane ba tsufa ba ne.”

Ban gaya masa ƙaryar da na yi ba. Ban san yadda ya sani ba, ko kuma bai sani ba, ni ne kowace magana take soka.

Da na koma gida na jawo babban hoton daga bayan ƙofa, na cire robar, na shimfiɗa shi a tabarma a gabansu, na danne kusurwoyin da takalma. Na durƙusa.

“Inna, ba gwangwaninki ba ne. Lafiya lau kika ba ni shi, har gashin hannunsa ana gani. Ni na ɓata shi.”

Na faɗi komai, da lambar, da arba'in ɗin, da katakon da na goge. Auta tana kallon murabba'an da ke fuskar Baba, ba ta ɗago ba.

“Da ka gan shi garau,” ta ce, “ka kira ni na gani?”

“Na so sai na gama gyarawa.”

“Me ya lalace da za ka gyara?”

“Ya karkace.”

“Yaya, ni a karkacen ma ban samu ba.”

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta buga ƙofa ba, ta dai tura ta har ta rufu.

Inna ta sunkuya kan hoton. Ta sa yatsa tana bin gefen kafaɗar Baba, inda dishi-dishin yake.

“Ɓatawar ban yi mamaki ba,” ta ce. “Tun kana yaro in aka ba ka rediyo sai ka ga abin da ke ciki. Kwana biyun da ka bar ni ina neman gafarar ƙanwarka, su ne zan daɗe ban manta ba.”

“Na sani, Inna.”

“Haka ka ce ranar da na ba ka.”

Na sunkuyar da kai. Tabarmar tana da wani zare da ya fita, na kama shi ina ja, sai na tuna na sake shi.

“Mai wankin ya ce zai iya zana tabon,” na ce. “In kin faɗi wace girar ce.”

“Kai ba ka sani ba?”

Na girgiza kai.

Ta matso. Ta kama haɓata ta ɗago fuskata, kamar lokacin da take duba ko na wanke ido kafin makaranta. Ta sa babban yatsanta a girata ta hagu, can wajen ƙarshe, ta ja shi sama a karkace. Farcenta ya ɗan karce ni.

“Nan. In ya yi dariya sai ya buɗe, in ya ɓata rai ya haɗe.” Ta sake ni. “Kada a zana masa komai. An taɓa shi ya isa.”

Ranar tafiyar ni na ɗauki akwatin Auta zuwa tasha. Ba ta kira ni Injiniya ba ko sau ɗaya, Yaya kawai, kamar baƙo. Da ta samu wuri kusa da taga sai ta buɗe jakarta ta fito da ambulan ɗin, ta zaro ƙaramin hoton.

“Kana da biro?”

Na laluba na miƙa mata ta taga. Ta kifa hoton a gwiwarta.

“Hagunsa ko hagun mai kallo?”

Na taɓa inda farcen Inna ya bi. “Hagunsa.”

Ta rubuta a bayan hoton, da rubutunta mai kyau na 'yan makaranta: Tabo a girar hagu. Fensir a bayan kunne. Ta ɗan yi tunani, ta ƙara wani layi a ƙasa: Hoton a karkace yake.

Ta mayar da shi ambulan, ta sa biron a jakarta. Ban ce ta ba ni ba.